WASIƘA DAGA JALINGO: Baƙon Fadama Da Ba A Yi Wa Shimfiɗa

 A makon nan za mu ɗan jingine batun 'yan siyasa da tsadar takin zamani, mu gangara fadama, domin akwai wani baƙo da ya sauka a ƙasarmu tun wajen watan Oktoba, babu wanda ya yi masa maraba, balle a yi masa shimfiɗa. Abin da ya fi muni ma, nan da 'yan makonni kaɗan za a cinna wa masaukinsa wuta, a koma gida a yi barci har da minshari, ba tare da an san an yi ɓarna ba. Wannan baƙo kuwa wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne wanda bai kai gwara girma ba, mai zama cikin gabara da burugu da sauran dogayen ciyayin bakin ruwa. Da yake sana'arsa waƙa ce, mazauninsa kuma fadama, to, a wannan fili sai mu kira shi mawaƙin fadama.

Na san wani zai ce, mutane na fama da abin da za su sa a bakin salati, kai kana zancen tsuntsu? Tambayar tana kan hanya. Amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, zai ga cewa makomar ɗan tsuntsun nan da ta manomin rani da masunci da wanda ya gina gida a bakin kogi, duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

WANE NE SHI?

Wanda duk ya saba bin gaɓar Mayo Gwoi ko kogin Lamurde da sassafe, ko kuwa ya taɓa kwana a fadamun Binuwai wajen Lau da Karim Lamido da Gassol, da wuya a ce bai taɓa jin muryar ɗaya daga cikin tsuntsayen nan ba, ko da kuwa bai taɓa sa shi a ido ba, domin tsuntsu ne mai kunya, ba ya son fitowa sarari. Masana ilmin halittu sun tara su cikin zuriya guda wadda suka laƙaba wa sunan Acrocephalus, kuma a fadamun Nijeriya akwai 'yan gida akwai baƙi.

Ɗan gida shi ne wanda ba ya zuwa ko'ina, rani da damina yana nan, ana kuma samunsa tun daga fadamun kudu har zuwa Tafkin Chadi. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, muryarsa kuwa mai kauri ce, tana fita kamar ana tsiyaye ruwa daga buta. Yakan saƙa sheƙa mai zurfi kamar ɗan ƙoƙo, ya ɗaure ta a jikin karan ciyawa bisa ruwa, inda ɓera ba ya kai wa da sauƙi, macen ta zuba ƙwai biyu ko uku.

Baƙin kuwa, waɗanda aka fi sani iri uku ne. Akwai ƙarami mai zane-zane a gadon baya, da wani farin layi a saman ido kamar gira. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya wajen santimita 13 ne, watau inci biyar, nauyinsa kuma wajen giram 12, watau kamar ƙwayar sukarin kwali biyu ko uku. Akwai sa'ansa wanda ba shi da zane ko kaɗan. Sa'an nan akwai babbansu, wanda ya ninka su biyu da wani abu a nauyi, mai murya a shaƙe kamar ta kwaɗo. Ban da waɗannan, fadama na da wasu ƙananan mawaƙa na wata zuriyar dabam, ciki har da wanda kukansa ke fita kamar ana wana agogo. Abin da ya haɗa su duka shi ne siririn baki mai tsini, wanda aka yi domin tsintar ƙwari. Ina so mai karatu ya riƙe wannan magana ta baki, za mu dawo kanta.

Waƙar mai farar gira ta daɗe tana ba masana sha'awa, saboda yakan jera sautuka iri-iri yana cuɗanya su, har ya zamana da wuya ya maimaita waƙa ɗaya sau biyu. Wani masani ɗan Ingila mai suna Clive Catchpole ya daɗe yana sauraronsa, a cikin 1980 kuma ya bayyana cewa namijin da ya fi yawan salo shi ke riga sauran samun mace, da zarar ya samu kuwa sai ya yi tsit. Mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci ko akwai masu irin wannan hali a cikin 'yan Adam. Har wa yau, Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma a zuriyar nan akwai wanda ya karya wannan magana. Shi wannan ba ya biyowa ta wajenmu, gabashi da kudancin Afirka ya fi nufa, kuma aikinsa kwaikwayo. Wata masaniya 'yar Beljiyam, Françoise Dowsett-Lemaire, ta ƙididdige a cikin 1979 cewa ana jin kukan tsuntsaye fiye da iri 200 a bakin irinsa, fiye da rabinsu kuwa tsuntsayen Afirka ne. Watau dai yakan koma Turai da tsarabar muryoyinmu.

TAFIYAR DA BA TA DA RAƘUMI

A ƙasashen Turai ake ƙyanƙyashe baƙin nan, kamar su Ingila da Holan da Jamus da Folan da Suwidin da Rasha, cikin watannin Yuni da Yuli. Idan sanyi ya gabato can, ƙwari sai su ɓace, wanda kuwa abincinsa ƙwari ne ba shi da zama. Saboda haka tun watan Agusta suke fara haramar tafiya. Mai farar gira yakan tsaya a fadamun bakin teku na kudancin Ingila da ƙasar Faransa, ya yi ta cin wata irin darɓa da ke maƙale a ganyen gabara, har kitse ya cika masa jiki, nauyinsa ya kusa ninkawa. Wannan kitse shi ne guzurinsa, shi ne kuma ruwan shansa a hanya.

Da dare suke tafiya. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekarar, waɗanda ba su wuce wata biyu ko uku a duniya ba, su kaɗai suke kama hanya, babu uwa babu uba, babu madugu. Su ƙetare Bahar Rum, sa'an nan su fuskanci hamadar Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Hanyar da fataken Kano da Agadas kan shafe watanni suna bi da raƙuma zuwa Tarabulus, ita ce wannan ɗan taliki yake ratsawa cikin 'yan kwanaki. Masanan Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun ɗaura wa babban nan mai muryar kwaɗo wasu ƙananan na'urori a baya, a cikin 2021 kuma suka ba da labarin cewa idan gari ya waye masa a kan hamada ya zarce da tafiya, yakan lula sama fiye da mita 5,000, wani ma ya haura 6,000. Don mai karatu ya gane, dutsen Chappal Waddi da ke nan Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Waɗanda suka tsira su ne suke faɗawa tafkuna da fadamun Sahel, daga bakin kogin Sanagal zuwa Mali da Haɗeja da Chadi. Idan rani ya yi nisa, ruwan can ya janye, da yawa sai su ƙara gangarowa kudu, zuwa kwarin manyan koguna irin su Kwara da Binuwai. A watan Maris da Afrilu kuma sai a sake ɗaura damarar komawa. A nan ne fa gizo ke saƙa. Tilas ne tsuntsun ya sake tara kitsen ƙetare hamada, kuma a fadamunmu zai tara shi, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, ruwa ya fi ƙaranci, ciyawa kuma wuta ta riga ta lashe ta. Wanda bai ƙoshi a nan ba, a cikin rairayi zai faɗi.

YADDA AKA GANE

Duk wannan bayani ba da ka aka yi shi ba. A cikin 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, mai suna Mortensen, ya ƙago dabarar sa wa tsuntsu ɗan zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa, a sake shi, domin duk wanda ya tsince shi a wata ƙasa ya aiko da labari. Ta haka aka yi ta harhaɗa hanyoyin da tsuntsaye ke bi. Nijeriya ma ta ba da nata gudummawar. A bazarar 1967 wasu masana uku, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da John Ash da James Ferguson-Lees, sun yi sansani a Malam Fatori, wadda a lokacin take bakin Tafkin Chadi, suna kama ƙananan tsuntsayen da ke shirin komawa Turai suna auna su. Sun tarar suna ƙiba ne da ƙananan ƙudajen ruwa da ke tashi daga tafkin kamar hayaƙi, da kuma 'ya'yan itacen asuwaki.

Ba a daɗe ba sai ga abin mamaki. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan'uwan mawaƙin nan, mai farin maƙogwaro, ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara ɗaya. Aka bincika gida ba a ga dalili ba, sai daga baya aka gano cewa ƙarancin ruwan sama na 1968 a Sahel ne ya halaka su. Ashe mafarin babban farin nan ne wanda ya kai maƙura a 1972 zuwa 1974, wanda dattawanmu ba za su manta da shi ba saboda asarar shanu da yunwar da ya haddasa. Haka kuma a farin 1983 da 1984, mawaƙa masu farar gira kaɗan ne ƙwarai suka koma Ingila. Binciken da aka buga a 1991 ya tabbatar da cewa yawan waɗanda ke komawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ruwan da aka samu a Afirka ta Yamma. Shi kansa Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, ɗan tsuntsun nan ma'auni ne. Shekarar da ya wahala, a shekarar ne makiyayi da manomi suka wahala. Inda ya ɓace, to, a duba da kyau, ruwa da ciyawar wurin sun sami matsala.

HALIN DA FADAMUNMU KE CIKI

To, mu dawo gida. Jalingo ta fara ne a matsayin sansanin Sarkin Muri Muhammadu Nya a wajen 1893, ta daɗe kuma tana matsakaicin gari, har zuwa ran 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka raba tsohuwar Jihar Gongola aka mai da ita babban birnin Jihar Taraba. Daga nan sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, daga baya kuma ga 'yan gudun hijira da rikicin arewa maso gabas ya koro. Kowa kuwa yana bukatar wurin sa haƙarƙari. Da filayen tudu suka yi tsada, sai aka gangara kwari. Wuraren da a da ruwa ke kwanciya da damina, yanzu harsashin gini ne. Masu tifa suna ɗibar yashi a cikin kogi, masu bulo sun kafa a gaɓa, shara da leda kuma kowa ya kwaso sai ya nufi rafi da su.

Fadama kuwa tamkar soso take. Idan kogi ya cika ya batse, ita ke shanye rarar ruwan, ta riƙe shi, ta riƙa sakinsa sannu a hankali har cikin rani, abin da ke sa rijiyar mai lambu ba ta ƙafewa da wuri. Saiwar gabara da jema da kyauro ita ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye. A cikin ciyawar da ruwa ya shanye ne kifi ke zuba ƙwai, 'ya'yansa su ɓuya har su yi ƙwari. Idan aka cike fadama da gini, ruwa ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa ɗakunan mutane ce. Mutanen Jalingo ba sa bukatar a tuna musu da watan Agusta na 2005, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mutanen bakin Binuwai kuma sun ga abin da ya faru a 2012 da 2022, sa'ad da ruwan sama mai yawa ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda tun da aka gama ta a 1982 ta sauya yadda kogin ke cika da janyewa.

Sai kuma batun wuta. Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta busar da ciyawa, sai ka ga hayaƙi ta ko'ina. Wani ya sa wuta don farautar gafiya da gyazbi, wani don shanunsa su sami sabon toho, wani don ya huta da sharar gona, wani kuma haka kawai. Wutar da aka sa a ƙarshen rani, ciyawa ta bushe ƙayau, ba ta barin komai. Daɗin daɗawa ga maganin feshi, wanda yanzu ya zama fartanyar zamani, ana fesa shi har bakin ruwa, a kuma wanke tankin feshin a cikin rafi. Akwai ma marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda bai ja ba ne ake doka.

BA KOWANE TSUNTSU NE ƁARAWON HATSI BA

Adalci shi ne a saurari manomi shi ma, domin yana da hujja. Wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a gonar shinkafa kamar hadari, ya san dalilin da ya sa manomi ba ya ƙaunar jin kalmar tsuntsu. Gaskiya ne kuma cewa jan-baki a cikin dogayen ciyayin fadama yake kwana. Abin da ya faru a fadamar Haɗeja da Nguru ya isa misali. Bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya daina zuwa da ƙarfi ya janye a kan lokaci kamar da, ya koma yana kwance shekara duka a wasu wuraren. Ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama matattarar jan-baki. Watau ke nan lafiyar fadama tana ga ruwa ya zo a lokacinsa ya tafi a lokacinsa, ciyayi iri-iri su tsiro, kada iri ɗaya ya mamaye.

Amma a nan ne maganar baki da na ce a riƙe take da amfani. Jan-baki da kabare da mulufi bakinsu gajere ne mai kauri, an yi shi don fasa ƙwayar hatsi, kuma a garke suke yawo. Mawaƙin fadama kuwa bakinsa kamar allura yake, ba ya iya fasa shinkafa ko dawa, kuma ɗai-ɗai yake kiwo. Abincinsa ƙudaje ne da darɓa da ƙananan tsutsotsi da fara da gizo-gizo, tun safe har faɗuwar rana. Ba ina cewa shi kaɗai zai raba gona da ƙwari ba, amma lebura ne da ba ya karɓar lada. Idan aka yi feshin jan-baki da jirgin sama a makwancinsa, maganin ba ya tantance mai laifi da mai gaskiya, duk mai fiffiken da ke wurin yana iya tafiya. Ya kamata mu tuna da abin da ya sami ƙasar Sin, inda a 1958 hukuma ta ba da umurnin a kashe gwara saboda cin hatsi, aka kashe miliyoyi, sai ƙwari suka sami sake suka afka wa gonaki, har a 1960 aka janye umurnin, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Akwai kuma masu cewa fadama gidan sauro ce. Akwai gaskiya a ciki, domin wani irin sauron zazzaɓi yana son ruwa mai ciyawa. Sai dai wanda ya fi addabar mu ya fi son ƙananan kududdufai da rana ke duka, irin ramukan da masu bulo da masu gini ke bari, da sawun mota da na shanu. Wanda ya cike fadama ya bar ramuka a bayan gidansa, bai rabu da sauro ba, kusantar da shi ya yi.

ABIN DA YA SAMI NA AMURKA

Kada wani ya ɗauka cewa tsuntsu ba ya ƙarewa. A Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka an yi wani ɗan tsuntsu baƙi-baƙi, dangin gwara, mai zama a fadamun bakin teku na tsibirin Merritt da gefen kogin St. Johns, babu kuma inda ake samunsa a duniya sai nan. Tun daga shekarun 1940 aka fara fesa maganin DDT a wurin don kashe sauro. Daga baya aka yi shingaye aka tare ruwa ya shanye fadamar, duk dai don maganin sauro a yankin da aka kafa tashar harba kumbo. Ragowar kuma aka ratsa ta da babbar hanya, aka janye ruwanta don kiwo da gine-gine. Babu wanda ya yi niyyar kashe tsuntsun, kowa bukatarsa yake biya. A 1975 aka yi wa macen ganin ƙarshe. Zuwa 1980 'yan kaɗan ɗin da suka rage duk maza ne, aka kama su aka killace. Na ƙarshensu ya mutu ran 17 ga Yuni, 1987, a 1990 kuma hukuma ta sanar cewa irinsa ya ƙare a duniya. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata daga wannan yanki, ta kasa ceto tsuntsun da ke bayan katangarta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

MENE NE ABIN YI?

Nijeriya tana cikin yarjejeniyar kare fadamu ta duniya, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, ta kuma fara aiki a ƙasar nan a 2001. Tafkin Nguru da Dagona da Baturiya da Maladumba duk suna cikin jerin wuraren da aka yi wa rajista. Amma yarjejeniya takarda ce, aiki kuwa a bakin rafi ake yinsa. Ga shawarwarina.

Na farko, ga Gwamnatin Jiha. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna bisa amana. Ya kamata a auna iyakar inda ruwan Lamurde da Mayo Gwoi ke kai wa a shekarar da aka yi ruwa mai yawa, a kafa alamu da kowa zai gani, a daina ba da takardar gini a ciki, ko wane ne mai nema. Masu ɗibar yashi a ware musu wurare, a hana su cin gaɓa. Kafin a yi feshin jan-baki kuma, a tura malaman gona su tabbatar da makwancinsa, kada a yi kan mai uwa da wabi.

Na biyu, ga sarakunanmu. Maganar Hakimi da Dagaci da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo ta fi ta rediyo shiga kunnen talaka. Idan ƙonawa ta zama dole, a yi ta da wuri, ciyawa da sauran danshi, a kuma yi ta yanki-yanki, a bar wani ɓangare bana, a bar wani baɗi. Wannan ma ya fi wa makiyayi da mai yankan ciyawar zana da jinka amfani.

Na uku, ga manoma. A bar ɗan zirin ciyawa, ko da taku goma ne, tsakanin gona da bakin ruwa, kada a nome shi, kada a fesa masa magani. Wanda ya yi haka gonarsa ya kare daga zaizaya kafin ya kare tsuntsu. Tankin feshi kuma a wanke shi nesa da rafin da mutane da dabbobi ke sha.

Na huɗu, ga malamai da ɗalibai. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana nan cikin gari, kogi yana bayanta. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda matasa ke zagayawa suna rubuta abin da suka gani. Masu bincike sun fi karkata ga Gashaka Gumti da dajin Ngel Nyaki na Mambila, kuma sun cancanta, amma fadamun Binuwai ma suna jiran mai ƙidaya. A kuma zauna da tsofaffin masunta da makiyaya a rubuta sunayen da Fulani da Mumuye da Jukun da Hausawa ke kiran waɗannan tsuntsaye da su, tun masu sanin suna da rai. Ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar fadamu ta duniya, me zai hana malaman firamare su fita da yara bakin rafi a ranar, a nuna musu bambancin baki mai kauri da siriri? Yaron da ya san tsuntsun nan daga Suwidin ya taso, zai yi tunani kafin ya ja danƙo. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ya mai da zoben abin wuya ko laya, ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa malaman daji ko na jami'a.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mawaƙin fadama zai yi watanninsa ya tafi, idan ya dawo ya tarar babu masauki, zai nemi wani wurin ko ya mutu a hanya. Mu da ba mu da fiffike, mu ne za mu zauna da kogin da ba shi da gaɓa da rijiyar da ba ta da ruwa. Ina fata mahukunta za su duba wannan magana tun kafin wutar bana ta tashi. Masu karatu da ke zaune a bakin fadama, daga Ibi har Numan, ina maraba da wasiƙunku game da abin da kuke gani a wurarenku. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai sauƙi. Sai mako mai zuwa.